Mma Sanatu da Kasuwar Kwana Shida

Ƙarfe bakwai saura kwata babur ɗinta yake shigowa harabar ofis. Tsohon babur ne ja, ya riga da yawa daga cikinmu fara aiki a Tamale, kuma tun daga kwanar masu doya ake jin tarinsa. Takan kashe shi a gindin darbejiya, ta sauke ledar koko da ƙosai, ta rusuna ta gaida mai gadi, sannan ta bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi yara da mai jikin da aka ba ta labari jiya. Kowa ya amsa mata da "Naa", wato lafiya lau a bakin Dagombawa. Daga nan ta wuce ɗakinta na ƙarshen baranda, ta tuɓe takalmi ta tura ƙarƙashin tebur, ta ce, "To, an gama da masu baki. Saura marasa baki."

Shekara ashirin da huɗu Mma Sanatu Azindow tana faɗin wannan magana kowace safiya. Ranar Juma'ar da ta wuce ta faɗe ta ta ƙarshe ta ajiye aiki, shi ya sa na ɗauki biro, ko da yake hannuna ya fi sabawa da sifana.

Marasa bakin su ne na'urorin kamfaninmu. Mu ne muke kai layin sadarwa ƙananan asibitoci da makarantun ƙauye, kuma kowane turken sadarwa da kuka gani a daji yana da na'urori a jikinsa da batura a gindinsa. Kwamfutar ɗakin Mma Sanatu takan zagaya su duka bayan kowane minti biyar da tambayoyi. Yaya zafin jikinki? Batir ya kai nawa? Saƙo nawa ya wuce, nawa ya lalace a hanya? Tun yaushe kike farke? Sai dai na'ura ba ta amsa tambayar da aka jefa mata kai tsaye. Kowane kamfanin da ya ƙera ta yakan haɗo ta da kundi, inda kowace tambaya take da lambarta, doguwa mai ɗige-ɗige, da bayanin abin da amsar take nufi. In ba ka sa wa kwamfuta wannan kundi ba, na'urar ko dai ta yi maka shiru, ko ta watso maka lambobin da ba ka san kansu ba. Mma Sanatu tana kiransa littafin gaisuwa. Takan ce yadda ake gaida mahauci ba haka ake gaida limami ba.

Ba injiniya aka ɗauke ta ba. Mai buga takardu ce, lokacin da na'urorin duka tara ne, ɗakin kuma fanka ɗaya gare shi mai kukan tsohuwar ƙofa. Injiniyan da ya kafa tsarin ya samu aiki a ƙasar waje, ya tafi ya bar kwali guda cike da takardu. Kowa ya kewaye kwalin, ita ta buɗe. Lokacin da ake fita cin tuwon rana, sai ta zauna da ƙamus a gefe tana bin lambobin layi layi, tana kwafewa a littafi mai kaurin bango: lambar tambaya, ma'anarta, da abin da ya kamata mutum ya zarga in amsar ta canza. Yau littattafan sha ɗaya ne, na'urorin sun haura ɗari uku, kuma babu wadda ba ta san halinta ba. Ta san wadda zafin azahar yake sa wa zazzaɓi. Ta san wadda ke ɓata saƙo duk lokacin da iska ta kaɗa daga gabas.

Mu masu hawan turke mun fi kowa cin moriyarta. Ba ma son zaman ɗaki, kuma ba ma son a koya mana aikinmu, amma babu wanda yake hawa babur bai leƙa wurinta ba. Sai ta ɗaga gilashinta ta ce, "Kada ka wahalar da kanka da hawa. Igiyar ƙasa ce, ta hannun hagu. Tafi da sabuwa." Ka yi tafiyar awa uku kana ƙunƙuni, ka isa, ka tarar ɓera ya ci igiyar ƙasa ta hannun hagu.

Mutum ɗaya ne yake iya tanka mata, wato direbanmu Sawadogo. Ya girme ta da shekara biyar, amma shi Bamoshe ne, ita Badagomba, don haka a wasan da ke tsakanin ƙabilun biyu jikanta ne ko ya ƙi ko ya so.

"Kaka, yau ma kin zo hira da ƙarafa?" in ji shi daga bakin ƙofa.

"Sun fi ka hankali, jikana. Su in na tambaye su inda suke, gaskiya suke faɗa min."

"To ki aure su mana."

"Da sun iya sayen goro da tuni. Kai shekara ashirin ko ɓari ɗaya ban gani ba."

Haka muka rayu har shekara biyu da suka wuce, aka turo mana sabon shugaban sashe daga kudu, Injiniya Ofosu. Saurayi ne mai ilimi da ladabi, ba na ɗora masa laifin komai. Ya zo da sabon tsari da babban allo da aka kafa a bango, kowane turke da ɗigonsa. Ranar da aka kunna, ya kira Mma Sanatu da fara'a.

"Mma, yanzu sai ki huta. Kore lafiya, ja matsala. Ko daga bakin ƙofa mutum zai gani."

Ta daɗe tana kallon allon. "Ya yi kyau. Me yake tambayarsu?"

"Yana tambayarsu ko suna nan."

"Sai kuma me?"

"In suna nan ai shi ke nan, Mma. Sauran za mu ƙara a hankali."

"Ɗana, har yanzu kai baƙo ne. Je ka asibiti ka gaida wanda aka ɗaura wa ruwa, ka ji abin da zai ce maka."

Sawadogo, da ke jingine da ƙofa, ya ce, "Naa zai ce. Mutanen Kaka ko a makara ka gaishe su, Naa za su ce."

Aka yi dariya, har da Ofosu. Ya bar mata tsohuwar kwamfutarta a lungu, kamar yadda ake barin tsohuwa da tsohuwar tukunyarta. Ita kuwa ta ci gaba da zagayenta.

A watan Yuni ta tsaya a kan Nasayili. Ƙauye ne a hayin kogi, da ɗan asibiti mai ma'aikaciyar jinya ɗaya. Da zarar kogi ya cika a tsakiyar damina, mota ba ta sake zuwa sai bayan wata uku, sai kwalekwale. A waɗannan watanni layinmu ne kaɗai hanyar da asibitin yake kiran likita a birni. Da rani muka kafa musu sabon turke da farantan hasken rana, kayan wani kamfani da ba mu taɓa aiki da shi ba, kuma babu wanda ya tuna ya sa kundinsu a kwamfuta. Tambaya ɗaya ce tak na'urar take amsawa, wadda kowace na'ura a duniya ta sani: tun yaushe kike farke?

Sauran turaku sukan ce kwana tamanin, kwana ɗari da arba'in. Nasayili ta ce kwana huɗu. Mma Sanatu ta koma baya ta duba. Amsar ba ta taɓa wuce kwana shida ba. Wato na'urar takan mutu na minti biyu ko uku gab da fitowar rana, ta farfaɗo kafin a sake tambayarta. A babban allo kuwa ɗigonta kore shar, bai taɓa ko ƙiftawa ba.

Kwana uku ta yi a ɗakin ajiya tana birkita kwalaye, zani ɗaure a ƙugu, har ta samo ɗan faifan da ya zo da kayan. Ta bi kundin da ke ciki layi layi yadda ta saba, ta gano lambar da ke tambayar wutar da ke shiga batir daga farantan, ta sa wa kwamfutarta. Sannan ta ɗauki littafinta ta je wurin Ofosu.

Ya saurare ta tsaf. Ya jera ranakun a jadawalin mako, ya girgiza kai. "Mma, duba. Wannan Talata, wannan Litinin, wannan Lahadi, wannan Asabar. Babu tsari. Hadari ne kawai yake tare rana wani lokaci. Ai hadari ba ya duba kalanda."

"Wannan yana dubawa. Kalandar ce ba taka ba." Ta sa yatsa a kan takardar. "Kai da bakwai kake ƙirga. Ƙirga da shida."

Ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa.

"Kasuwa," ta ce. "Mu nan kwana shida take zagayowa. Washegarin kowace kasuwar Nasayili na'urar nan take suma."

"To mene ne haɗin kasuwa da rana?"

"Ban sani ba tukuna. Abin da na sani, batir ɗin da ake zuƙewa har ƙasa duk bayan kwana shida ya riga ya ji jiki. In hadarin Satumba ya rufe sama kwana uku a jere, zai kwanta, kuma ba wanda zai iya kai musu wani."

Matsalar ita ce motar ɗaukar kaya ɗaya gare mu, kuma an riga an ba da ita ga wani babban aiki a cikin gari na mako uku. Ofosu ya ce a bari a gama.

"In an gama, kogi ya gama da mu," ta ce. "Batir takwas, kowanne nauyin buhun siminti. A kan wa za ka ɗora?"

Shugabanninsa na kudu suna jiran aikin gari, kuma ba zai iya ce musu ya janye mota saboda ɗigon da yake kore ba. Ita ma ta gane haka. Sai ta rufe littafinta.

"Kasuwa ta gaba Alhamis ce. Ka zo ka tsaya a bayana da safe. In wutar farantan ba ta faɗi ba kafin ƙarfe goma, ni da hannuna zan kashe tsohuwar kwamfutar nan, ba za ka sake jin bakina ba."

Waɗanda suka san abin da kwamfutar nan take a wurinta sun san ba ƙaramar magana ta yi ba. Ta riga ta kira Nas Fusheina, ma'aikaciyar jinyar Nasayili, amma ita ma ba ta san dalili ba. Ta ce ranar kasuwa marasa lafiya ba sa barinta ta ɗaga kai, balle ta san abin da ake yi a bayan asibiti.

Alhamis gari ya waye tas, ko gajimare ɗaya babu. Muka cika ɗakinta. Ƙarfe takwas wuta tana hawa. Ƙarfe tara tana hawa. Sawadogo ya ce, "Kaka, in kawo miki kwali ki fara haɗa kaya?" Ba ta ko waiwaya ba, kokonta ya huce a leda. Tara da rabi. Tara da minti arba'in kwamfuta ta aika tambayarta, amsa ta dawo, lambar ta faɗi zuwa kashi ɗaya cikin biyar, kamar an rufe rana da faifai.

Ta ɗauki waya. "'Yata, bar allurar nan minti ɗaya, ki zagaya baya ki faɗa min abin da kika gani."

Muka ji takun Fusheina, muka ji hayaniya tana ƙaruwa, sannan dariya. "Mma, ai kasuwar gaba ɗaya ta dawo gindin turkenku. Mata sun ɗaura tampol a shingen, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Gilasan naku suna ƙarƙashi. Har wata ta jera kuɓewa a kan na gefe tana shanyawa."

Ranar da muka je kafa turken, fili ne fetal muka gani, ba ranar kasuwa ba ce. Muka sa farantan a ƙasa-ƙasa don sauƙin gogewa, muka kewaye su da shinge mai ƙarfi, muka tafi. Ashe mun gina wa mata abin ɗaura rumfa mafi kyau a duk hayin kogi.

Ofosu ya ciro mukullin mota daga aljihunsa ya miƙa wa Sawadogo. Sannan ya ce zai sa a rubuta allon gargaɗi a rataye a shingen.

"Allo ba ya hana rana dukan mutum," in ji Mma Sanatu. "Ku sayo goro. Da ni za a je, kuma ranar kasuwa."

A shekara ashirin da biyu ba ta taɓa ganin ko ɗaya daga turakun da take gaisarwa a daji ba. Ranar Laraba ta zauna a gaban mota tsakanin Sawadogo da Ofosu, batura a baya, mu a kan batura. Da muka isa ba ta ko kalli turken ba. Ta nemi Magajiyar kasuwa, wata tsohuwa mai suna Napaga da ke sayar da man kaɗe, ta durƙusa a gabanta ta miƙa goro. Suka gaisa har Ofosu ya fara duba agogo. Sai da aka tambayi kowa har awaki, sannan ta ce, "Magajiya, me ya kawo ku nan gindin ƙarfe?"

"Inuwa, ƙanwata. Kukar da muke zama a ƙarƙashinta ta faɗi bara. Kuma mun ga gilasan nan a rana tsirara tun safe har yamma, muka ce bari mu rufa musu su ma su huta."

Sawadogo ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Mma Sanatu ba ta yi dariya ba. Ta yi godiya a madadin gilasan. Sannan ta bayyana cewa su rana ce tuwonsu, in sun ƙoshi ne wayar asibiti take magana. Ta juyo ta kalle mu. "Me zai hana ku ɗaga su sama, sama da kan mutum?"

Kwana biyu muka yi muna walda. Muka ɗaga farantan a kan dogayen ƙarafa, muka sauya batura. Yau duk wanda ya je kasuwar Nasayili zai tarar da masu man kaɗe da kuɓewa a ƙarƙashinsu, su suna cin rana, mata suna shan inuwa. Da muke dawowa ruwa ya kai rabin taya a mashigi. Bayan kwana huɗu hanya ta rufe.

Sauran labarin daga bakin Nas Fusheina muka ji shi, ranar Juma'a wurin walimar sallama, domin ta tsallako musamman. Ta ce a Satumbar shekarar, sama ta yi kwana tara a rufe. A rana ta takwas, da la'asar, aka kawo mata wani manomi, Neindow, kububuwa ta sare shi a gonar dawa, jini har ta dasashi. Ba ta da maganin dafi ko kwalba ɗaya. Ta ɗaga waya, waya ta shiga. Likita ya riƙa gaya mata abin da za ta yi, aka ɗauko magani a babur zuwa bakin kogi, mai kwalekwale ya karɓa. Kafin magariba allura ta shiga jikinsa.

Neindow ɗin ma ya zo, da zabbi biyu a hannu da doya a buhu. Ya shigo yana neman likitan da aka ce ya cece shi. Fusheina ta nuna masa wata dattijuwa a kujerar roba, takalminta a gefe. Ya durƙusa ya gaishe ta, amma fuskarsa cike da tambaya. Ya juya wurin Sawadogo a hankali. "Baba, ita wane aiki take yi?"

"Gaisuwa," in ji Sawadogo. "Shekara ashirin da huɗu ba ta yi komai ba sai gaisuwa. Ba ni zabuwa ɗaya, ni na tuƙa motar."

"Taɓa ta ka gani, jikana," ta ce. Amma ta sa bakin mayafi a ido ta ce hayaƙin gashin nama ne.

Mma Sanatu, ke ce wadda ba ki yarda da kore ba sai kin ji daga bakin mai shi. Ke ce kika zauna a ɗakin ƙarshen baranda kina sauraron daji, ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, domin aikinki in ya yi kyau babu abin da ke faruwa, kuma ba a yi wa mutum tafi saboda abin da bai faru ba. Yara nawa aka haifa lafiya saboda waya ta shiga, ba ki san su ba, su ma ba su san ki ba. Uwar marasa baki, mun gode. Mun gode da igiyar hagu, da kokon da kike raba mana in mun dawo da yunwa, da faɗan da kike mana in mun hau turke ba ɗamara. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa jikokinki, na gaske da na jabu, su riƙa gaishe ki yadda kika gaida duniya.

Littattafanta sha ɗaya suna kan teburin Ofosu. Ya shafe shekara guda yana zuba su cikin sabon tsarin, kuma yanzu babban allo yana yin duk tambayoyin da take yi, har da wani jadawali na kwana shida da babu irinsa a ofisoshin kudu.

Ranar Litinin ba mu ji tarin babur ba. Gindin darbejiya ya zauna wayam. Ofosu ya shigo ƙarfe bakwai, ya gaida mai gadi, mai gadi ya ce "Naa". Ya yi taku uku, sai ya tsaya ya dawo.

"Baba, yaya ƙafar nan taka?"

Mai gadi ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗaga ƙafar wandonsa ya nuna masa kumburin da ya yi mako biyu yana ɓoyewa. Kafin tara Sawadogo ya kai shi asibiti.

Ku da kuke aiki da na'ura, da ku da kuke aiki da mutane, ga abin da ta bar mana. In kun yi gaisuwa an ce muku lafiya lau, kada ku wuce tukuna. Ku tsaya ku yi tambaya ta biyu.